Shekarar da Mamarku Ta Ga Giwa

Iliya, Rifkatu, wannan babin naku ne. Abin da na rubuta a baya, na ƙuruciyata a ƙauye da yadda na koyi tuƙi, kowa ma ya karanta. Wannan kuwa ina so ku zauna ku karanta shi da natsuwa, in da hali a tare. Na san abin da kuka riƙe a ranku game da shekarar da muka fasa komawa Abuja. Kuna ganin ni na hana mamarku, saboda son mota da taurin kai. Iliya ya faɗa mini a waya. Ke Rifkatu ba ki taɓa faɗa ba, amma ina ji a gaisuwarki. Mamarku ba mai yawan bayani ba ce, ta tafi ba ta warware muku ba. Ni ma yanzu ƙafa ta fara nauyi, don haka zan faɗi yadda aka yi.

Kun tashi kun tarar da farar bas ɗin nan a ƙofar gidanmu na Sabon Gari. Da ita aka ciyar da ku, da ita da keken ɗinkin mamarku. Ban taɓa jin daɗin lodin tasha ba. Aikin da na fi so shi ne kai 'yan makaranta yawon buɗe ido. Makarantun Sabon Gari da na Samaru, na coci da na gwamnati da na Islamiyya, duk sun san ni, yara suna kirana Baba Direba. Mu je Jos gidan tarihi da gidan namun daji, in makaranta tana da ƙarfi mu wuce gandun daji a ƙasar Bauci. Sauran direbobi in sun sauke yara sai su nemi inuwa su kwanta. Ni kuwa bin yaran nake, in tsaya a baya ina sauraron mai bayani, har na zo na san gwanki da ɓauna da gada, na san in giwa ta baza kunne ba gaisuwa take yi ba. Duk ranar tafiya mamarku ce ke tashi da asuba ta soya ƙosai, ta cika kuloli da dafa-duka, ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga wa yaran hannu. Ba ta taɓa bin mu ba. In na ce ta zo, sai ta ce kujera ta yaro ce, ga shago, ga ku.

Sannan hanya ta lalace. Ba kwalta nake nufi ba, kun san abin da nake nufi. Makarantu suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Ni da kaina da an ba ni 'ya'yan mutane in shiga da su waɗancan dazuzzukan, ba zan karɓa ba. Motar ta koma kai 'yan biki Zabi da kai gawa maƙabarta, sauran kwanaki tana tsaye a gindin darbejiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta. A lokacin ne kai Iliya ka zo gida Kirsimeti, ka zauna a kan bencin tsakar gida ka yi mana magana ta hankali.

"Baba, ka huta haka. Na gyara muku ɗaki biyu a bayan gidana a Abuja. A sayar da motar nan tun tana da daraja. Ga Rifkatu tana da ciki, Mama za ta so ta kasance kusa."

Ban yi musu ba, domin gaskiya ka faɗa. Mamarku ta yi murna, wannan kada kowa ya ce muku ba haka ba ne. Ta fara rabar da tukwane, ta ba matar Fasto babbar tukunyar biki, ta gaya wa matan zumunta na coci cewa bayan Ista za mu tashi.

Ana cikin haka wata rana da rana wata mace ta sauka daga keke napep a ƙofar gida, ta tsaya tana kallon motar tana dariya. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar Zazzau tsantsa.

"Baba Direba, ba ka gane ni ba ko? Ni ce Nkechi, 'yar mai sayar da kayan gini na layin kasuwa. Ni ce na yi maka amai a kujerar baya a hawan Jos."

Yaran da suka yi mini amai a hawan Jos suna da yawa, amma na tuna mahaifinta. Ta ce yanzu ita malama ce a jami'a, ita ke kula da wani ɗan gidan adana halittu a Samaru, inda ake ajiye ƙasusuwa da fatun dabbobi da tsuntsayen da aka busar. Ta ce sun samu wasu na'urori da ke kai yaro yawon gidan tarihi ba tare da ya motsa daga kujerarsa ba. Matsalarta ita ce ɗakin nasu ƙarami ne, kuma makarantun gefen gari ba su da halin kawo yara. Tana neman mota da za ta riƙa kai na'urorin makaranta makaranta, da direban da ya san yara. Na ce mata ta makara, mun kusa tashi. Ta ce to, in zo dai in gani.

Na je. Wurin yana warin maganin asu. Ga kan ɓauna a bango, ga kada a kwance cikin gilashi ya yi ƙura. Ta zaunar da ni, ta ɗauko wani abu kamar ƙaramin akwati mai maɗauri, ta ce su tabarau suke ce masa. Tana ɗaura mini a fuska ɗakin ya ɓace. Sai ga ni a tsakiyar wani zaure mai tsawon da ban taɓa gani ba, a saman kaina an rataye ƙasusuwan wani kifin teku da ya fi tirela. Na juya hagu zauren na nan, na waiga baya yana nan. Wata murya tana bayani da Hausa, muryar ɗaya daga cikin ɗalibanta. Aka matsa da ni gaban ƙasusuwan giwa, ina kallo nama ya rufe su, fata ta hau, bangon ya janye, sai ciyawa ta ko'ina, giwar ta ɗaga hanci ta nufo ni. Na cire abin, kaina na juyawa.

"Yaya, Baba?"

"Aiki ya yi kyau," na ce. "Amma giwar nan ba ta da wari."

Ta yi dariya, ni kuwa ba wasa nake ba. Raina ɓaci ya yi, ban san dalili ba sai daga baya. Na ga kamar an ɗauki abin da na yi rayuwata ina yi, tashin asuba da waƙar yara a hanya da tsayawa shiru a jira dabba ta fito, an matse shi a cikin akwati. Na yi mata godiya na komo gida. Na ba mamarku labari ina tsaki. Ta ci gaba da taka kekenta, can ta ce:

"Ka ce ta kawo in gani."

Ranar Asabar Nkechi ta kawo ɗaya. Mamarku ta zauna a kan kujerar ɗinkinta a tsakar gida, ta kwance ɗankwali aka ɗaura mata. Na zaci za ta yi ihu kamar yadda na ga ɗalibai suna yi. Ba ta yi ba. Ta riƙe gefen kujera da hannu biyu, tana ɗaga kai a hankali, sama, sama, har na ji tsoron za ta kifa ta baya. Sannan ta saki hannu ɗaya ta miƙa shi gaba, tana shafa iska. Miyar da ta ɗora tana ƙonewa, ni na je na sauke. Da aka cire mata ta juyo ta dube ni, shatin maɗaurin yana kwance a goshinta.

"Baban Iliya, haka take da girma?"

"Haka take. Wata ma ta fi."

"Kai ka ce mini kamar ɗaki. Na ɗauka irin zuzutawarka ce."

Kun san an cire mamarku daga makaranta tana aji uku, da mahaifinta ya rasu, ta koma taya kakarku aikin gona. Ba ta cika yin maganar ba. Ranar ma ba ta yi ba. Ta juya wajen Nkechi tana tambayarta: yara nawa ke sawa a lokaci guda, su wa ke ɗaura wa 'yan mata, yaya ake yi da mai hijabi da mai sabon kitso. Nkechi ta ce gaskiya ba su yi tunanin wannan ba, ɗalibanta da ke aikin duk maza ne. Mamarku ta ce, "Ai kuwa iyaye ba za su yarda ba." Bayan baƙuwar ta tafi, muna cin tuwo da miyar da ta yi ƙauri, ta ce mini:

"Mu yi musu zangon karatu ɗaya. Abuja ba gudu za ta yi ba."

Ni na kira ka, Iliya, shi ya sa ka ɗauka shawarata ce. Ka ce mini a waya, "Baba, na san za a yi haka." Mamarku tana zaune kusa da ni tana ji, ba ta karɓi wayar ba. Ni ma ban ce maka ita ce ba, domin a gaskiya zuciyata ta yi sanyi da ta faɗa. Ko da na yi tsaki a kan akwatin, ban so rabuwa da motar ba. Wannan kason nawa ne, kuma na karɓa.

Aka cire wasu kujeru don yara su samu wurin juyawa, aka ɗora faifan sola a kan rufi, aka sa labule. Muka fara da makarantun Zabi, muka bi ta Shika da ƙauyukan bayanta, duk inda za a je a dawo kafin la'asar. Direbobin tasha suka sa mini suna mai silima. Mukan tsaya a gindin bishiya a filin makaranta, yara su yi layi, su shiga rukuni rukuni. Mamarku ke ɗaura wa 'yan mata, tana lallashin masu tsoro, ta riƙe musu hannu har su saba. Za ka ga yaro ya sunkuya don kada kifin ya buge shi, wani ya ɗage ƙafa wai ruwa. Wata yarinya a Shika ta gaishe da raƙumin dawa, har da durƙusawa. Nkechi kuma ba ta yarda a tsaya a kallo ba. In sun fito sai ta miƙa musu haƙorin dorina na gaske da ƙwan jimina su taɓa, ta tambaye su me suka gani, me ya sa ƙafar wannan ta bambanta da ta wancan. Daga nan ta ce, "Saura wari, ku je wajen Baba." Sai in zauna a matakalar mota in gaya musu yadda kashin giwa ke wari kamar ciyawar da aka jiƙa, yadda cikinta ke ruri ka ji shi a ƙirjinka, yadda ƙudan tsando ke cizo ta cikin riga. Ban canja ra'ayi ba, har gobe na fi son a kai yaro daji ya gani da idonsa. Amma yawancin yaran nan ko lokacin da hanya ke lafiya ba mai kai su. Wannan ban taɓa lura da shi ba sai da muka shiga makarantunsu.

Zango bai ƙare ba afolo ta shigo gari. Kun san ta, ciwon idon nan da ke bin mutane gida gida. Ta kama kasuwa, ta kama coci, amma a wata makaranta da ke gefen Zabi ta ɓarke kwana kaɗan bayan zuwanmu, sai aka ce tabarau ne. Ba zan rantse cewa ba mu da hannu ba. Muna goge su da auduga da magani, amma soson da ke taɓa fuska yana shan gumi. Magana ta bazu, ta ƙaru a hanya, har aka ce abin yana makantar da yara. Makarantu suka aiko a dakata. Manyan Nkechi suka ce in iyaye ba su yarda ba a mayar da na'urorin ɗaki a kulle. Shugaban waccan makarantar, mutumin kirki ne, ya ce zai tara iyaye, mu zo mu yi bayani da kanmu. Mamarku ma ta kamu, idanunta suka yi jawur.

A cikin makon ne, Rifkatu, mijinki ya kira ya ce kin sauka, namiji, tun lokaci bai gama cika ba. Mamarku ta yi rawa a tsakar gida da kumburarrun idanu. Ta ce miki ba za ta zo ta shafa wa jariri ciwo ba, sai ta warke. Wannan gaskiya ne. Abin da kika gano daga baya shi ma gaskiya ne: idon ya washe tun kafin suna, amma ba ta zo ba sai bayansa da kwanaki, kuma ba ta yi miki arba'in ba kamar yadda uwa ke yi wa 'yarta a haihuwar fari. Kika ɗauka ni na riƙe ta don aikin mota. Ga yadda aka yi.

Da idon ya warke ni na ɗauki jakarta, da ƙullin daddawa da kanwa da kayan jaririn da ta ɗinka, na kai ta tasha da safe. Na sama mata kujerar gaba. Ta zauna, mota ta kusa cika, ina tsaye a bakin taga muna sallama. Sai na ga ta buɗe ƙofa ta sauko.

"Ɗauko mini jakar."

"Lafiya? Kin manta wani abu?"

"Taron nan jibi ne. Kai da Nkechi za ku je ku tsaya gaban maza ku yi Turanci. Matan ba za su zo ba, kuma su ne masu hanawa."

"Maman Iliya, 'yarki ce ta haihu."

"Na sani. Ni na haife ta. Uwar mijinta tana wurin, mace ce mai hankali, ta iya wanka. Yaran nan kuwa in aka kulle abin nan, an kulle ke nan."

Na yi mata magana har direban ya fara danna oda. Na ce mata za ki ji zafi, Rifkatu. Ta ce ta sani. Na ɗauko jakar.

Daga tasha kasuwa ta wuce, ta sayo farin yadi mai laushi. Ta auna fuskar tabarau ɗin da takarda, ta yanka, ta zauna a kan keke. Ta ɗinka musu riguna, ƙyalle mai ramin ido biyu da ake sawa a cire, kowane yaro da nasa, in ya gama a jefa a bokiti. Matan zumunta biyu suka zo da kekunansu suka taya ta. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar cocinmu ta duba, ta ce a riƙa tafasawa a shanya a rana, kuma duk mai jan ido ya jira wani zuwan. Ranar taro mu muna cikin aji da iyaye maza, ita kuwa ta sa na sauke ta a cikin unguwa da tukunya da bokiti. Ta yi sallama gidan wata dattijuwa da ake ce wa Inna Mairo, wadda jikokinta uku suka kamu. Abin da ya faru a ciki daga bakin matan na ji daga baya. Ta roƙi murhu, ta tafasa ƙyallayen a gabansu. Ba ta ce musu ba laifinmu ba ne. Ta ce mai yiwuwa da laifinmu, ita ma ta kamu, ga idonta ya warke sarai, ga kuma gyaran da aka yi. Inna Mairo ta ce ita ba za ta bar jikokinta su sa abin da ba ta san cikinsa ba. Mamarku ta ce daidai ne, ta aika aka karɓo ɗaya daga mota. Aka ɗaura wa tsohuwa. An ce salatin da ta yi har maƙwabta sun ji, sannan da aka zo cirewa ta riƙe maɗaurin ta ce a dakata, ba ta gama ganin kifin ba. Kafin mu fito daga namu taron, inda ake ta jayayya ba a cimma komai ba, mata sun yi layi a ƙofar gidan.

Ba a ranar komai ya daidaita ba. Wasu makarantun ba su sake kiranmu ba har yau. Amma ba a kulle na'urorin ba. Zango ɗaya ya zama shekara, shekara ta ja wata. Ɗakunan da ka gyara, Iliya, ka zuba 'yan haya, kuma ban ga laifinka ba. Mamarku ta riƙa zuwa muku hutu ta dawo. Ta ga jikokinta, amma ba ta raine su ba, kuma na san ta so hakan. Sau da yawa nakan same ta tana kallon hotunansu a waya, ƙyalle a cinya, allura a tsaye. Ba ta samu duka biyun ba. Har makon da ta kwanta ciwon da ya ɗauke ta, ita ke tafasa ƙyallayen nan. Yanzu wani ne ke tuƙa motar, idona ba ya ganin titi sosai, matan zumunta kuma sun riƙe ɗinkin.

Abu ɗaya ya rage. A ranar taron nan, da muka kamo hanyar gida, Nkechi ta sauka a Samaru, muka rage mu biyu. Mamarku tana gaba, bokiti a tsakanin ƙafafunta, hannayenta sun yi fari saboda ruwan zafi. Na zaci za ta yi murna. Sai na ga tana share ido da bakin zane. Na ce mata gobe da sassafe zan mayar da ita tasha, kuma zan kira ki, Rifkatu, in yi miki bayani yadda za ki fahimta.

"Kada ka yi mata bayani," ta ce. "Yarinya ta haihu, ta duba ba ta ga uwarta ba. Wane bayani za ka yi mata? In ta yi fushi tana da gaskiya. Ka bar ta da gaskiyarta."

Shi ya sa ban rubuta wannan don in ce kin yi kuskure ba, Rifkatu. Ba ki yi ba. Ina so dai ki san cewa ba mantawa ta yi da ke ba, kuma ba wanda ya riƙe ta. Da ƙafarta ta sauko daga motar nan, tana sane da abin da zai ci mata, kuma tun daga Samaru har ƙofar gida sunanki take kira.